BABI NA TARA: NOMAN KABEJI A LAMBUN GIDA LOKACIN HUNTURU

9.0 Gabatarwa

Noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Wannan kirari ya nuna matsayin noma a rayuwar Bahaushe, amma ba duk abin da Bahaushe ke nomawa a yau ne ya gada daga kakanni ba. Gero da dawa da wake tsofaffin hannu ne. Kabeji da karas da latas kuwa baƙi ne da suka shigo bayan cuɗanya da Turawa, suka sami wurin zama a lambu da kasuwa da kuma cikin harshe. Wannan babi zai yi bayani a kan yadda ake noman kabeji a lambun gida tun daga ƙwayar iri har zuwa yanka. Daga nan za a dubi kalmomin da wannan sana'a ta kawo wa Hausa ko ta faɗaɗa ma'anarsu. An zaɓi wannan batu ne saboda malamin Hausa ba a aji kawai aikinsa yake tsayawa ba. Sau da yawa shi ake kawo wa takardar iri ko ta maganin feshi a ƙauye a ce ya karanta ya fassara. Idan ya kuskure wajen bayanin lokaci ko ma'auni, mai lambu ne zai yi asarar wahalar wata uku.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibai za su iya:

(a) bayyana dalilin da ya sa ake noman kabeji da hunturu a ƙasar Hausa;
(b) jero matakan noman kabeji bi da bi;
(c) lissafa lokacin shuka da na dashe da na yanka;
(d) fayyace ma'anar kalmomin fannu da suka danganci aikin lambu.

9.2 Asalin Kabeji da Halinsa

Asalin kabeji wani ganye ne na daji da ke fitowa a gaɓar tekun yammaci da kudancin Turai. Masana kimiyyar tsirrai suna kiransa Brassica oleracea. Daga wannan ganye ne manoma, ta hanyar zaɓen iri shekara da shekaru, suka fitar da kabeji mai dunƙulallen kai da kuma 'yan uwansa irin su farin kabeji. Tun da yake a ƙasa mai sanyi ya tashi, halin sanyi ne da shi. Ya fi bunƙasa idan zafin yanayi yana tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya daɗe yana haura digiri 30, yawancin ire-irensa ba sa ɗaure kai sosai, sai su yi ta buɗa ganye, ko su yi ƙaramin kai sako-sako.

Wani hali nasa kuma shi ne, tsiro ne mai rayuwar shekara biyu. A shekarar farko yake tara abinci a cikin kansa, wato wannan dunƙule da ake ci. Sai ya sha sanyi mai tsawo na makonni da dama kafin ya fid da fure da iri a shekara ta biyu. Sanyin ƙasar Hausa bai cika kaiwa wannan matsayi ba. Wannan ne ya sa manomin da ya saba ajiye irin geronsa a rumbu ba ya iya yin haka da kabeji. Dole ya sayi iri, kuma akasarin irin daga ƙasashen waje ake shigo da shi a cikin gwangwani ko 'yar leda.

9.3 Hunturun Turai da Hunturun Ƙasar Hausa

A nan akwai wani tarko da yake kama masu fassara. A Ingila akwai kabejin da ake kira na hunturu, misali January King da ire-iren Savoy masu tamojin ganye. Ana shuka su a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, a dasa a ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sannan a yanka daga Nuwamba har zuwa Maris. Ke nan a can da ɗumi ake shuka shi, ya girma kafin sanyi ya kankama, sannan ya tsaya a gona cikin ƙanƙara yana jiran mai shi. Sunan hunturu da aka ba shi yana nuni ne ga lokacin yanka, ba lokacin girma ba.

A ƙasar Hausa kuwa, hunturu iska ce busasshiya mai ƙura da take kaɗowa daga arewa maso gabas, daga wajajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Babu ƙanƙara, babu ruwan sama, amma dare da asuba suna yin sanyin da kabeji ke so. Saboda haka a nan hunturu shi ne lokacin girma. Duk wanda ya ɗauki jadawalin Ingila ya fassara shi kai tsaye, ya ce wa mai lambu a Kano ko Maraɗi ya shuka a Afrilu, to ya jefa masa iri cikin tsananin bazara. Kalma ɗaya ce, amma yanayi biyu ne.

Tsaunukan Jos, waɗanda tsayinsu ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, sun fita daban, domin sanyinsu yana ba da damar noman kabeji har da damina. A sauran wurare kamar Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato da kudancin Nijar, kabeji amfanin noman rani ne. Abubuwa da dama sun taimaka wajen yaɗuwar irin wannan noma. Daga ciki akwai madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, wadda take shayar da filayen Kadawa, da shirin bunƙasa fadama da aka soma a Nijeriya a farkon shekarun 1990, da kuma yekuwar noman rani da gwamnatin Seyni Kountché ta yi a Nijar bayan farin 1984.

9.4 Zaɓen Iri da Lissafin Lokaci

Daga cikin ire-iren da aka sani a kasuwannin Afirka ta Yamma akwai Copenhagen Market da Gloria da Oxylus da KK Cross. Copenhagen Market yana nuna da wuri, kimanin kwana 65 zuwa 75 bayan dashe. KK Cross kuwa an san shi da jure zafi. Duk irin da aka ga an rubuta F1 a jikin takardarsa, to haɗin aure ne na iri biyu, yana da ƙarfi da daidaiton girma, sai dai ya fi tsada. Wajibi ne mai saye ya duba ranar ƙarewar wa'adin iri, ya kuma guji wanda aka baje a rana a kasuwa, domin zafi yana kashe ƙwayar.

Ƙwayar kabeji ƙanana ce ƙwarai. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya kimanin 250 zuwa 300, wanda ya fi ƙarfin buƙatar gida ɗaya. Saboda haka maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi leda guda su raba.

Lissafin lokaci shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma daga baya ake fara shi. A ɗauka mai lambu ya shuka a tsakiyar Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa. Reno zai ci mako biyar, sai a yi dashe wajen 20 ga Nuwamba. Idan aka ƙara kwana 70, yanka zai kama a ƙarshen Janairu. Ta haka ɗaurin kai ya faɗo daidai cikin Disamba da Janairu, lokacin da ɗari ya fi ƙarfi. Amma wanda ya yi jinkiri har Janairu kafin ya shuka, zai yi dashe a Fabrairu, kabejinsa kuma ya zo ɗaure kai a Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Kano da Sakkwato yake kusantar digiri 40 ko ya wuce. Ruwa ɗaya, taki ɗaya, wahala ɗaya, amma na farko ya yanka kai, na biyu ya tashi da ganye.

9.5 Renon Iri

Ba a shuka kabeji kai tsaye a inda zai girma, sai an fara renonsa. Matakan su ne:

Na ɗaya, a ware ɗan wuri mai faɗin mita ɗaya, ko a yi amfani da tsohon kwando ko daro da aka huda gindinsa. A cika shi da ƙasa mai laushi da aka gauraya da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kawo ciyawa.

Na biyu, a ja layuka da ɗan tsinke, tazarar santimita 10 tsakanin layi da layi, zurfin kimanin santimita ɗaya. A zuba ƙwayar jefi-jefi, a rufe da ƙasa sama-sama. Yafi yana ɓarnar iri, yana kuma sa tsiro ya cunkushe.

Na uku, a rufe da busasshiyar ciyawa, a yayyafa ruwa safe da yamma da gwangwanin da aka huhhuda, don kada ƙarfin ruwa ya tone iri. Cikin kwana huɗu zuwa bakwai yawanci tsiro yake bayyana. Da zarar ya leƙo sai a ɗauke ciyawar, a yi masa 'yar rumfa mai barin hasken rana ya shiga. Tsiron da ya rasa haske yakan yi dogon wuya siriri, ba ya kuma ƙarko.

Na huɗu, a rage tsiro inda ya yi yawa, a bar kimanin santimita 3 zuwa 5 tsakani. Cunkoso da yawan ruwa su ne suke kawo ciwon da ke ruɓar da gindin tsiro ya faɗi dare ɗaya.

Na biyar, idan saura mako guda a yi dashe, a janye rumfa a hankali, a rage ban ruwa. Wannan horo ne da yake sa tsiron ya saba da rana kafin a fitar da shi fili.

9.6 Gyaran Wuri da Dashe

Kabeji yana son wurin da rana take samu sosai, da ƙasa mai riƙe danshi amma ba mai kwanciyar ruwa ba. A kafce ƙasa da kyau, a farfasa hoge, a zuba ruɓaɓɓen taki kimanin bokiti ɗaya a kowace murabba'in mita. A lambun gida, shinge wajibi ne, domin akuya da kaji suna iya gamawa da aikin wata guda cikin hantsi ɗaya.

Ana dashe idan tsiro ya kai mako huɗu zuwa shida, yana da ganye huɗu ko biyar na ainihi, tsayinsa kuma santimita 10 zuwa 15. A jiƙa wurin reno tukuna, sannan a ciro kowane tsiro da ƙasar saiwarsa. Da la'asar sakaliya ake dashe, don tsiron ya kwana cikin sanyi kafin ya gamu da rana. A binne shi har zuwa gindin ganyen farko, a danna ƙasa da yatsu sosai, a ba shi ruwa nan take. Duk tsiron da aka ga ƙwayar idonsa ta tsakiya ta lalace, a yar da shi, domin ba zai taɓa ɗaure kai ba.

Tazarar da ta dace ita ce santimita 45 zuwa 60. Misali, kwami mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyar zai ɗauki layi biyu, kowane layi gindi goma a tazarar santimita 50, jimla gindi ashirin. Matse tazara yana ba da ƙananan kawuna, buɗa ta kuma yana ba da manya.

9.7 Ban Ruwa da Taki

Fiye da kashi 90 cikin 100 na kabeji ruwa ne, saiwarsa kuma ba ta nisa cikin ƙasa, ga iskar hunturu mai saurin busar da ƙasa. Saboda haka abin da ake buƙata shi ne ban ruwa a kai a kai. A makon farko bayan dashe kullum ake bayarwa. Daga baya a riƙa tona ƙasa da yatsa, idan an ji ta bushe sai a ba da. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a gindi yana rage ƙishi. Idan aka bar kabeji ya sha ƙishi bayan ya ɗaure kai, sannan aka kwarara masa ruwa, ganyen ciki yakan kumbura da sauri fiye da na waje, sai kan ya tsage.

Tsabtar ruwa ba abin wasa ba ce, domin sau da yawa ɗanye ake cin kabeji, a kwaɗo ko tare da tsire. Ruwan kwata yana ɗauke da ƙwayoyin cututtukan ciki da ƙwan tsutsar ciki. Ruwan rijiya ko na famfo ya kamata a yi amfani da shi, a kuma zuba shi a gindi ba a kan ganye ba.

Mako biyu bayan dashe ana iya ƙara takin zamani, kamar NPK 15:15:15, cikin marfin kwalba ɗaya ga kowane gindi. A zagaya shi nesa kaɗan da jikin tsiro, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. Ana iya maimaitawa bayan mako uku. Da zarar kai ya fara ɗauruwa sai a dakata, domin yawan taki a wannan lokaci yana sa kai ya yi sako-sako ko ya tsage. Ciyawa kuwa da hannu ake cire ta, ko a yi noma sama-sama, don kada fartanya ta yanke saiwa.

9.8 Ƙwari da Cututtuka

Babban maƙiyin kabeji wata 'yar tsutsa ce koriya, ɗiyar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai ruwan toka. Tana cin ganye ta ƙarƙashi ta bar shi kamar rariya, idan an taɓa ta kuma sai ta zille ta rataye da zare. An san ta a duniya da saurin sabawa da maganin feshi, ta yadda ƙara yawan magani ba ya kashe ta, sai dai ya cuci mai ci. Akwai kuma darɓa da take taruwa a bayan ganye tana tsotse ruwansa, da wata tsutsa mai huda ƙwayar idon tsiro.

A lambun gindi ashirin, ido da hannu sun fi kowane magani. A riƙa juya ganye sau biyu a mako ana tsince tsutsa da ƙwanta. Ana kuma daka ƙwallon darbejiya, a jiƙa giram 30 zuwa 50 a kowace lita ta ruwa, ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Idan ta kama sai an yi amfani da maganin kanti, dole a karanta takardarsa, a bi ma'auni, a kuma kiyaye adadin kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da yanka. Wannan wuri ne da fassarar malami take iya zama kariya ga lafiyar iyali.

Daga cikin cututtuka akwai baƙin ruɓa, wanda yake farawa da ɗorawar tabo daga bakin ganye mai tsini zuwa ciki, jijiyoyin ganye kuma su yi baƙi. Yana bin iri da fantsamar ruwa, kuma idan ya kama babu magani sai tuge gindin a ƙone. Rigakafi ya fi magani: a sayi iri mai kyau, kada kuma a maimaita kabeji a wuri ɗaya sai bayan shekara uku. A tsakani a sa albasa ko wake ko masara.

9.9 Yanka da Amfani

Ba girman kai ne alamar nuna ba, tauri ne. Idan aka danna kai da tafin hannu aka ji shi ƙam, to ya isa yanka. Da sassafe ake yankawa da wuƙa mai kaifi, a bar ganye biyu ko uku na waje su zama riga. Barinsa a gona bayan ya nuna yana jawo tsagewa. Don kada gindi ashirin su nuna rana ɗaya su fi ƙarfin gida, yana da kyau a kasa shuka gida biyu, da tazarar mako biyu tsakani.

Kabeji yana da sinadarin bitamin C da bitamin K, da harza mai taimakon narkewar abinci. Dogon dahuwa yana rage bitamin C, don haka sama-sama ake dafa shi. Matan gida suna sa shi a kwaɗo da ƙuli-ƙuli, da dambu, da miya, da dafa-duka. Ganyen waje kuma abincin dabbobi ne.

9.10 Nazarin Kalmomi

(a) Aro. Kalmar kabeji daga Ingilishi aka aro ta. A can da baƙi take ƙarewa, amma da yake yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, sai aka ƙara mata wasalin /i/. A Nijar kuwa ana jin shu, wadda aka aro daga Faransanci. Abu ɗaya ya sami suna biyu saboda bambancin Turawan da suka yi mulki.

(b) Faɗaɗa ma'ana. Kai sashen jiki ne, amma an ba dunƙulen kabeji wannan suna saboda kama. Reno na jariri ne, an mayar da shi ga tsiro saboda irin kulawar da yake buƙata. Haka ido da wuya da gindi.

(c) Karin harshe. Abin da Bakano ya kira lambu, a Sakkwato da sassan Nijar ana ce masa garka. Darbejiya kuma ana kiranta dogon yaro ko bedi ko maina a wasu wurare.

(d) Ganɗantawa. Daga aikatau dasa aka sami dashe, inda /s/ ta koma /sh/ saboda wasalin gaba da ya biyo ta.

(e) Tsawon wasali. Ɗari na sanyi da ɗari na ƙidaya rubutunsu ɗaya ne, amma na sanyi wasalinsa na farko dogo ne, na ƙidaya kuwa gajere. Jinsinsu ma ya bambanta: na sanyi namiji ne, ta ƙidaya mace ce.

9.11 Kammalawa

An ga cewa kabeji tsiro ne na ƙasar sanyi wanda ya sami gurbi a hunturun ƙasar Hausa, kuma nasarar nomansa ta rataya ne a kan lissafin lokaci, da kyakkyawan reno, da daidaiton ban ruwa, da sa ido a kan ƙwari. An kuma ga yadda Hausa ta karɓi wannan baƙo, ta ari sunansa, ta kuma yi masa hidima da tsofaffin kalmominta. Babi na gaba zai dubi noman albasa da kalmomin cinikinta.

9.12 Tambayoyi da Aikin Yi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin kabejin hunturu na Ingila da noman kabeji da hunturu a ƙasar Hausa. Wane darasi mai fassara zai koya daga wannan?
2. Mai lambu ya shuka iri ranar 1 ga Nuwamba, ya yi reno na mako biyar, irin kuma yana nuna kwana 70 bayan dashe. A wane wata zai yi yanka?
3. Gindi nawa kwami mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita takwas zai ɗauka, a layi biyu da tazarar santimita 50?
4. Kawo dalilai biyu da suke sa kan kabeji ya tsage.
5. Ziyarci wani mai lambu a yankinku, ka tattaro kalmomi ashirin na sana'arsa, ka rarraba su zuwa na asali da na aro, sannan ka nuna jinsin kowace.
6. Rubuta insha'in bayani mai shafi ɗaya a kan renon iri, da Hausar da ɗan aji biyar na firamare zai fahimta.